Matar Da Mijinta Ya Rasu A Littattafan Yahudu Da Nasara: Tausayi Ko Haƙƙi?



Ya ke 'yar uwa mai karatu, duk matar da ke ɗakin mijinta ta san cewa in Allah Ya kare aure daga saki, to ɗayan biyu ne ƙarshensa: ko ta riga maigida, ko shi ya riga ta. Ba ma son wannan zancen, da an taɓo shi sai mu ce Allah Ya kyauta mu sake magana. Amma ƙin zancen bai taɓa hana a wayi gari a ga maƙwabciya ta shiga takaba da 'ya'ya biyar a gabanta ba. Don haka a wannan fitowa nake so mu tattauna wata tambaya da ta daɗe tana damun al'ummai: shin me jama'a ke bin matar da mijinta ya rasu? Tausayi ne kawai, wanda mai yi ke yi in ya ga dama? Ko kuwa haƙƙi ne da za ta iya tsayawa gaban kowa ta ce a ba ta?

Za mu duba tambayar ne ta cikin littattafan Yahudu da Nasara, domin kuwa sun yi magana mai yawa a kan wannan mata, kuma a cikin maganar akwai abin yabo, akwai abin dubawa. Abin da zan kawo, abin da ke rubuce ne a littattafan da ke hannunsu yau. Matsayinmu game da labaran Ahlul Kitabi sananne ne: wanda ya dace da namu mun karɓa, wanda ya saɓa mun bari, wanda ba a ce mana komai a kansa ba ba ma gaskata shi ba ma ƙaryata shi. Sanin abin da maƙwabci ke karantawa kuma ba ya rage wa mutum komai.

Wace ce ita?

A harshen Ibrananci ana kiran ta "almana", kalmar da ke da dangantaka da "armala" ta Larabci. Mu a Hausa mukan ce bazawara, amma wannan ta haɗa da wadda aka saka. Masu fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa sukan yi amfani da kalmar gwauruwa. Ni dai zan riƙa cewa matar mamaci don mu fahimci juna.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi a Attaura da littattafan da ke biye da ita shi ne, ba kasafai ake ambaton matar mamaci ita kaɗai ba. Sau da yawa su uku ne a jere: baƙo, maraya, da ita. Me ya haɗa su? Dukkansu ba su da namijin da zai tsaya musu a ƙofar gari, inda dattawa ke zama su yi shari'a, kuma dukkansu ba su da gonar kansu. A ƙasar Bani Isra'ila ta wancan zamani gona ita ce rayuwa, kuma ta hannun maza take bi daga uba zuwa ɗa.

Ki duba tsarin gado a Littafin Ƙidaya, sura ta 27. An kawo labarin 'yan mata biyar, 'ya'yan wani mutum mai suna Zelofehad, waɗanda mahaifinsu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, suka kai kuka gaban Annabi Musa (AS), aka ba su gadon. Daga nan aka jera magada: ɗa namiji, in babu sai 'ya mace, in babu sai 'yan uwan mamacin maza, in babu sai baffanninsa, in babu sai dangi mafi kusa. Ki sake duba jerin da kyau, 'yar uwa. Matar da ta zauna da shi, ta yi jinyarsa, ta rufe masa ido, ba ta ciki. Wannan gurbin da aka bari shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Yawan kiran da ake yi a ji tausayinta ya samo asali ne daga cewa ba a yanka mata rabo ba.

Dokokin da aka kafa dominta

Ba za a yi adalci ba in aka ce an watsar da ita. A Littafin Fitowa, sura ta 22, an yi gargaɗi mai tsanani ga duk wanda ya cuci matar mamaci ko maraya: an ce Allah zai ji kukansu, kuma sakamakon mai cutar shi ne matarsa ma ta zama matar mamaci, 'ya'yansa su zama marayu. A Littafin Maimaitawar Shari'a kuma an zo da dokoki filla-filla. An hana karɓar tufarta a matsayin jingina in ta ci bashi. An ce duk shekara ta uku a tara ushirin amfanin gona a cikin gari don ita da maraya da baƙo da masu hidimar ibada su ci su ƙoshi. An ce ranar idi a haɗa da ita a cikin murna. An kuma la'anci wanda ya karkatar da shari'arta.

Dokar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta kala, a sura ta 24. Mu ma mun san kala, yadda mata da yara ke bin gonar gyaɗa ko ta dawa bayan an kwashe amfani su tsinci abin da ya rage. To a can doka ce a kan mai gona. In ya manta da dami a gona, ba ya komawa ya ɗauka. In ya kaɗe itacen zaitun sau ɗaya, ba ya sake bin rassan. In ya tsinke inabi, ba ya koma wa ragowar. Wannan duk na mutanen nan uku ne.

Ki lura da hikimar da ke ciki. Matar ba ta zuwa ƙofar gidan kowa ta yi sallama ta sunkuyar da kai. Gona take shiga ta yi aiki da hannunta ta ɗauki abin da doka ta riga ta ce nata ne. Shi kuma mai gona ba shi da ikon zaɓar wadda za ta shiga, balle ya ce wance ba ta gaishe shi da kyau ba jiya. Ko godiya ba ya bin ta, domin damin da ya manta ya fita daga mulkinsa tun lokacin da ya manta shi. A nan an ɗauki tausayi an mayar da shi haƙƙi. Sai dai kuma kala kala ce. Tana hana mutuwa da yunwa, amma ba ta mayar da mace mai gona.

Auren ɗan uwan miji

A sura ta 25 ta wannan littafi akwai dokar da Yahudawa ke kira "yibbum". In mutum ya rasu bai bar ɗa ba, matarsa ba za ta auri bare ba, ɗan uwan mijin ne zai aure ta, kuma ɗan farin da za ta haifa za a lissafa shi na mamacin ne, don kada sunansa ya ɓace. In ɗan uwan ya ƙi, sai ta kai shi gaban dattawa a ƙofar gari, in ya dage sai ta cire masa takalmi ta tofa yawu, daga nan a riƙa kiran gidansa gidan wanda aka cire wa takalmi. Wannan shi ake kira "halitsa".

Masu kare wannan doka suna cewa ta ba matar da ba ta da ɗa mafaka a gidan da ta saba, da kuma damar samun ɗan da zai riƙe ta in ta tsufa. Akwai gaskiya a ciki. Amma ki tambayi kanki, don wa aka yi dokar? Dalilin da nassin da kansa ya bayar shi ne sunan mamaci. An ba namiji hanyar ƙi, ko da da kunya ne, amma ba a faɗi abin da zai faru in ita ce ba ta so ba. Malaman Yahudu na baya sun yi ta muhawara a kan wanne ya fi tsakanin auren da cire takalmin, kuma a shekarar 1950 manyan malamansu a Isra'ila suka yanke cewa a bar auren a riƙa yin halitsa kawai.

Labarin Tamar a Littafin Farawa, sura ta 38, ya nuna yadda irin wannan tsari ke iya zama tarko. Mijinta na farko ya rasu, ƙaninsa da ya aure ta shi ma ya rasu, sai surukinta ya ce ta koma gidan ubanta ta jira autan ya girma, alhali a zuciyarsa ba ya da niyyar ba ta shi, yana tsoron kada shi ma ya mutu. Ta zauna shekaru, ba ta da miji kuma ba ta da 'yancin auren wani. Yadda ta warware matsalarta ba abin koyi ba ne, amma a ƙarshen labarin surukin ya amsa da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya, tunda shi ya saɓa alkawari. Kin ga ko camfin nan na cewa wance tana da farar ƙafa, duk wanda ya aure ta ba ya daɗewa, ba yau aka fara jingina wa mace shi ba.

Matan da suka tashi tsaye

Akwai littafi guda mai sura 4 kacal da aka gina a kan mata uku da suka rasa mazajensu, wato Littafin Rut. Yunwa ta kori Na'omi da mijinta da 'ya'yansu maza biyu daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. A can mijin ya rasu, bayan wajen shekara 10 'ya'yan ma suka bi shi, aka bar ta da matan 'ya'yanta biyu, Orfa da Rut. Na'omi ta ce su koma gidajen iyayensu tunda ba ta da sauran ɗan da za ta ba su. Orfa ta koma, Rut kuwa ta ƙi rabuwa da ita, ta biyo ta zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba. Suka iso a farkon girbin sha'ir, Rut ta shiga kala a gonar wani dangin mijinta mai suna Bo'aza, da abin da take tsinta suke ci ita da tsohuwar.

Wurin da nake so ki tsaya shi ne zaman ƙofar gari, gaban dattawa 10. Akwai wani dangin da ya fi Bo'aza kusanci. Da aka ce masa ga gonar mamaci, nan take ya ce yana so. Da aka ƙara masa da cewa ɗaukar gonar na tafe da ɗaukar nauyin Rut, sai ya janye, wai kada ya ɓata gadon gidansa. Gonar yake so, matar ce ba ya so. Ko kin taɓa ganin irin wannan dangi? Bo'aza ne ya aure ta, ta haifi Obed, wanda littafin ya ce shi ne kakan Annabi Dawuda (AS). Har yau Yahudawa na karanta wannan littafi a idinsu na Shabu'ot. Abin lura kuma, wadda ta fara ceton matar mamaci a labarin, wata matar mamacin ce 'yar uwarta, kuma suruka da matar ɗa ne, mutanen da muka saba jin ba sa ga maciji. Ciwon 'ya mace dai na 'ya mace ne.

A Littafin Sarakuna na ɗaya, sura ta 17, a lokacin fari, an tura Iliya, wato Annabi Ilyasu (AS), wurin wata matar mamaci a garin Zarefat ta yankin Sidon, a ƙasar Lebanon ta yau. Ya same ta tana tsintar itace don ta dafa ɗan garin da ya rage mata da ɗigon mai, ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. Ta ciyar da baƙon daga wannan ɗan abin, kuma littafin ya ce garin da man ba su ƙare ba har aka yi ruwa. A Sarakuna na biyu, sura ta 4, wata kuma ta zo wurin Elisha, wato Alyasa'u (AS), tana kuka cewa mijinta mai tsoron Allah ya rasu da bashi, mai bin bashin zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ya tambaye ta me take da shi a ɗaki, ta ce ɗan mai ne kawai. Ya sa ta aro tuluna daga maƙwabta, man ya yi albarka ya cika su, ya ce ta sayar ta biya bashin, su rayu da sauran. Jari ya bar mata a hannu, da sana'ar da za ta riƙe gidanta.

Fuska ta biyu

Annabawan da ke cikin waɗannan littattafai sun mayar da matar mamaci ma'aunin shugabanni. Ishaya ya zargi manyan Urushalima, wato Ƙudus, da son cin hanci har ƙarar matar mamaci ba ta isa gabansu. A Littafin Ayuba an kwatanta azzalumai da masu karɓe san nomanta jingina. A Zabura an kira Allah mai kare ta. Amma yawan wannan faɗa yana gaya mana wani abu: da ana bin dokar, da ba a yi ta maimaita tsawar ba.

Sannan akwai wata fuskar. A Littafin Firistoci an hana babban firist auren matar mamaci, an jera ta tare da sakakkiya da karuwa a cikin waɗanda ba su dace da shi ba. Da Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Littafin Makoki ya kwatanta birnin da matar mamaci da ke zaune ita kaɗai. A Ishaya ma an ambaci zaman rashin miji a matsayin abin gori da za a manta da shi in sauƙi ya zo. Ke nan a littafi ɗaya, ita ce wadda Allah ke jin kukanta, ita ce kuma misalin faɗuwa da ƙasƙanci. Mutum na iya tausaya wa mace da gaske alhali a ransa yana ganin darajarta ta ragu, kuma ita matar tana jin wannan ko ba a faɗa ba.

A littattafan Nasara

Markus, a sura ta 12, ya kawo abubuwa biyu a jere. Da farko Annabi Isa (AS) ya soki malaman Attaura masu dogayen riguna da dogayen addu'o'i, waɗanda ke cinye gidajen matan mamata. Nan da nan kuma sai ga shi zaune yana kallon masu zuba kuɗi a baitulmalin Haikali. Attajirai na zuba da yawa, sai wata matalauciyar matar mamaci ta jefa 'yan ƙananan tsabar tagulla biyu, waɗanda a haɗe ba su wuce kashi ɗaya cikin 64 na ladan lebura na yini ba. Ya ce wa almajiransa ta fi kowa bayarwa, don su daga rarar dukiyarsu suka bayar, ita kuwa duk abin da ta mallaka ne. Yawancin Kirista na karanta wannan a matsayin yabon ikhlasi. Wasu malamansu kuma na cewa a haɗa shi da abin da ya gabace shi: ga misalin gidan da aka cinye nan, an bar mace ta ba da abincin bakinta ga ma'aikatar da ya kamata ta ciyar da ita. Ina ganin duka biyun na iya zama gaskiya. Ladanta na nan, laifin masu karɓa ma na nan.

Luka ya fi kowa kawo labarinsu. Akwai Hannatu, tsohuwar da ta yi shekara 7 kacal da aure, ta ƙare sauran rayuwarta a Haikali tana azumi da addu'a. Akwai matar garin Nayin da aka fito da gawar ɗanta tilo, wanda Luka ya ce an tayar da shi aka mayar mata. Akwai kuma misalin alƙalin da ba ya tsoron Allah ba ya kunyar mutane, da matar mamacin da ta yi ta zarya tana neman a ƙwato mata haƙƙinta, har ya gaji ya yi mata shari'a don ta ƙyale shi ya huta. An kawo misalin ne don koyar da naci a addu'a, amma ki lura da wadda aka zaɓa ta zama abin koyi: mace mai naci a gaban hukuma, irin wadda mutane kan ce ba ta da kunya.

A Ayyukan Manzanni, sura ta 6, rikicin farko da aka rubuta a cikin jama'ar Kirista ta Urushalima a kan rabon abincin matan mamata ne. Masu jin harshen Girka suka yi ƙorafi cewa ana tsallake nasu matan a rabon kullum, ana fifita na 'yan gida. Maganin da aka yi shi ne zaɓen mutum 7 amintattu aka ɗora musu aikin. Wato kyakkyawar niyya ba ta hana son kai shiga rabo ba, sai da aka sa tsari da masu alhaki. A sura ta 9 kuma, da wata mai ɗinki, Tabita, ta rasu a Yafa, matan mamata ne suka kewaye gawar suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka.

Wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti, wadda ake jingina wa Bulus, ita ta zo da rajista. Ta ce dangi ne farkon masu ɗaukar nauyi, kuma wanda ya ƙi kula da nasa ya fi marar bangaskiya muni. Wadda za a sa a rajistar jama'a sai ta kai shekara 60, ta kasance matar miji ɗaya, an san ta da ayyukan kirki. Masu ƙuruciya an ce su sake aure, tare da zargin cewa in an bar su za su koyi zaman banza da yawon gida-gida da tsegumi. Tsarin na da dalilinsa, tunda abin hannun jama'a kaɗan ne. Amma a nan ne aka fara raba matan mamata gida biyu, wadda ta cancanta da wadda ake sa wa ido. Wasiƙar Yakubu kuwa ba ta sa sharaɗi ba, ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da matan mamata a cikin wahalarsu.

To, tausayi ko haƙƙi?

Wata za ta ce ai tausayi ya fi, domin doka ba ta share hawaye, kuma alƙali ba ya iya tilasta wa mutum ya shiga gidan makoki ya zauna da mai takaba. Haka ne. Babu dokar da ta sa Rut bin surukarta, babu wadda ta sa Tabita ɗinki. Sai dai tausayi na da aibi uku da labaran nan suka nuna. Yana sanyi, domin ranar sadakar uku gida cike yake, bayan arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Yana zaɓe, ya fi son mai shiru da sunkuyar da kai a kan mai zarya wurin alƙali. Kuma yana barin mai karɓa a ƙarƙashin mai bayarwa, ta yadda ba ta iya cewa a'a ko an zo mata da abin da ba ta so. Haƙƙi kuwa ba ya duba fuska, kuma ba ya ƙarewa don mai bayarwa ya gaji.

Malaman Yahudu da kansu sun gane gurbin da aka bari. A Mishna, littafin fiƙihunsu da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), an tabbatar da takardar aure mai suna "ketuba", wadda ke wajabta a biya mace wani adadi daga dukiyar miji in ya rasu ko ya sake ta: zuz 200 ga wadda aka aura budurwa, 100 ga wadda aka aura bazawara. An kuma rubuta cewa a al'adar mutanen Urushalima da Galili tana da ikon zama a gidan mijin ana ciyar da ita daga dukiyarsa muddin ba ta sake aure ba, amma a al'adar Yahudiya magada na iya biyan ta kuɗinta su sallame ta. Ba gado ba ne, bashi ne a kan gadon, amma mataki ne daga roƙo zuwa takarda.

A nan ne ya kamata mu kalli namu gidan. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya sa matar a cikin magada da sunanta: rubu'i in mamacin bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni in ya bari. A surar dai an haramta gadon mata bisa tilas. Suratul Baƙara ta ƙayyade takaba wata 4 da kwana 10, bayan haka ita ke da ikon kanta. Manzon Allah (SAW) ya auri Sauda da Hafsa da Ummu Salama (RA) bayan rasuwar mazajensu, kuma ya kwatanta mai ɗawainiya da matar mamaci da miskini da mai jihadi. Alhamdu lillahi. Amma kada mu yi saurin jin daɗi, domin mun ga Bani Isra'ila ma suna da dokoki a rubuce, duk da haka annabawansu suka yi ta kuka. Sau nawa aka bar gado shekara da shekaru ba a raba ba, wai rabawa zai watsa gida, alhali babban wa ne ke cin amfanin? Sau nawa aka ce wa mace abin kunya ne ta tambayi sumuninta, ko ragowar sadakinta da ke bashi a kan mamaci? Sau nawa aka matsa mata ta auri ƙanin miji, in ta ƙi a ce ta bar 'ya'ya ta fita? Mai yin haka ya mayar da ita zaman kala a gonar da take da rabo a ciki.

Kuma kada mu ɗora wa maza laifin duka. Wani lokaci mu ne dangin mijin. Mu ne ƙannen mamacin da ke ƙirga kwanukan ɗakin matarsa, mu ne uwar da ke cewa ita ta cinye mata ɗa, mu ne maƙwabciyar da ke janye jiki da zarar ta fita takaba, don tsoron kada maigida ya gan ta. Saboda haka, 'yar uwa, in rasuwa ta faru a danginki, ki zama mai tambaya a fili yaushe za a kira malami a raba gado. In kina cikin masu rabon tallafi a ƙungiya ko unguwa, ki nemi a rubuta sunaye, a san wa aka ba wa aka tsallake. In kina da hali, ki taimaka mata da abin da za ta juya ya zama sana'a. Ki kuma ci gaba da leƙa ta bayan kowa ya daina zuwa, don wannan ɓangaren babu dokar da za ta yi miki shi. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya jiƙan mazajen da suka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri da mafita, Ya raya marayunmu, Ya hana mu cin haƙƙin wanda ba shi da mai tsaya masa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.